Kifin Igiya

A bakin tekun Pasni, duk wanda ya sa hannu a igiya aka jawo jirgi tudu, yana da kifin miya. Haƙƙinsa ne, ba sadaka ba. Da wannan tsoho Shahdad yake riƙe gidansa tun da idonsa ya yi rauni ya daina fita kamun kifi. Mutumin da ya shugabanci jirgi har furfura, ai ko yunwa za ta kashe shi ba zai yi roƙo ba.

Sai ga tarakta. Wai ci gaba! Tana tari tana hayaƙi, kafin ka ce kwabo ta fizgo jirgi. Aka naɗe igiyoyi aka ajiye.

Shahdad bai fasa zuwa ba. Yakan tsaya, hannuwa a baya kamar mai duba iska, ya koma gida jaka wayam. Matarsa Gulatun ta dafa shinkafa gaya.

Ran nan Pindok, wanda ya koyi teku a hannunsa har ya yi jirgin kansa, ya miƙo masa ƙaton kifi.

"Baba, a kai wa Inna."

"Na ja maka igiya ne? Riƙe abinka, ban mutu ba tukuna."

Washegari jirgin Pindok na isowa, mai tarakta ya matso. Sai Pindok ya hau shi da faɗa.

"Kai, kau da akwalar nan! Jiya ka kankare min gindin jirgi."

"Ni? Wallahi ban..."

"Rufe min baki! A kawo igiya! Baba Shahdad, kallonmu za ka tsaya yi? Ragwayen nan ko waƙar ja ba su iya ba."

Tsoho ya kama igiya, ya ɗaga murya, maza suka amsa, jirgi ya hau tudu. Yana haki ya shafa gindin jirgin da tafinsa. Sumul, ko ƙwarzane babu.

Ya daɗe da hannunsa a wurin. Kunya ta kama shi, sannan ƙaunar Pindok ta cika masa ƙirji har idonsa ya kawo ruwa. Pindok ya miƙo kifi yana kallon gefe.

Shahdad ya karɓa, ya gwada nauyinsa.

"Ƙaro ɗaya, marowaci," ya ce. "Mai ba da waƙa kifi biyu yake ɗauka."