Tsibi na Tara

Shekara ashirin da biyu Abba Garo ne ke raba naman watanda a ƙauyensu, can cikin gonakin gahawa na bayan Agaro. Duk jajibirin ƙaramar Sallah gida goma sha huɗu ke haɗuwa su sayi sa ɗaya, su yanka a bayan gidan wani. Kayan aikinsa ba su wuce wuƙa biyu, gatari, dutsen wasa wuƙa da igiyar fata ba. A ƙasa ake fiɗa, a shimfiɗa ganyen ayaba, shi kuma ya bi ya jera naman tsibi-tsibi da ido da tafin hannu. Ba shi da gonar kirki, ba shi da murya a masallaci. Wannan safiya ɗaya a shekara ita ce tasa.

Bana sai ga ƙaninsa Nazif ya dawo daga Addis Ababa, inda ya yi shekara tara a shagon nama. Ya zo da bututun ƙarfe uku da ake haɗa kawunansu su tsaya kamar murhu, da sarƙa irin wadda makanikai ke ɗaga inji da ita, da zarto, da leda mai faɗi, da sikeli mai ƙugiya. Mutane suka ce a gwada. Ba wanda ya ce wa Abba Garo an karɓe aikin daga hannunsa. Gani kawai ya yi ana tambayar Nazif inda za a ɗaure san.

Aka kayar, liman ya yanka. Nazif ya saƙala ƙugiya a ƙafafun baya, ya ja sarƙa da hannu ɗaya, sa guda ya tashi sama yana lilo. Maza bakwai da suka saba nishi a kan wannan aiki suka tsaya riƙe da ƙugu suna dariya.

"Abba Garo, ashe duk shekarun nan wahalar banza ka ba mu," in ji wani maƙwabci. "Bayana har yau bai yafe maka ba."

Abba Garo ya yi murmushi, ya ci gaba da wasa wuƙar da ba wanda ya nema. Abin da ya fi ci masa rai shi ne aikin ya yi kyau. Ko ƙwayar ƙasa ba ta taɓa naman ba, jini ya tsiyaye cikin kwano, zarto ya raba gadon baya tsaf ba tare da ɓarɓashin da gatari ke bari ba. Ya nemi aibi har idonsa ya gaji.

A wurin rabo ya samu. Nazif yana ɗora nama a sikeli, allura ta tsaya, ya juye a kan leda. Nauyin kowane tsibi daidai yake da na ɗan'uwansa. Amma a shago ya koyi aiki, inda mai saye ke nuna abin da yake so da yatsa. Bai taɓa raba dabba ɗaya ga gidajen da za su kalli juna har shekara ba. Tsibi na tara ya tashi da ƙashin wuya, da huhu, da jijiyar ƙwauri, sai 'yar tsoka da ta rufe samansa. Tozo kuwa da hanta sun taru a na uku da na huɗu.

"Yaya, zo ka duba mini jeren nan," in ji Nazif yana share gumi.

"Ni da ba ni da allura a goshi? Tambayi agogonka."

Aka yi dariya, Nazif ma ya yi. Abba Garo ya gaya wa kansa cewa bai yi ƙarya ba, bai taɓa naman kowa ba, kuma ƙuri'a ce za ta zaɓi mai tsibin, ba shi ba.

Kowane gida ya jefa alamarsa cikin hular Abba Bulgu, dattijon ƙauyen, wanda idonsa ya yi rauni har ba a zarginsa da son kai. Ya bi jeren yana laluba hula yana ajiyewa. A kan na tara ya ajiye jan maɓalli. Na Hada Sharaf ne, tsohuwar da ke riƙon jikoki huɗu.

Ta shigo daga bakin shinge, ta durƙusa tana kwashewa cikin kwanonta. Abba Garo ya ga hannunta ya tsaya a kan ƙashin wuyan. Ya jira. Sai ta rufe kwanon da ganye, ta ce Allah ya maimaita mana, ta miƙe. A bayansa kuwa Abba Bulgu yana cewa baɗi ma haka za a yi, tunda ba gardama.

"Tsaya, Inna." Abba Garo ya sha gabanta, ya karɓi kwanon, ya juye a kan leda. Ya shiga ɗagawa ɗaya-ɗaya. "Ga rabon sikeli. Wuya. Huhu. Wannan ko kare sai ya yi haƙuri. Ku ɗaga na uku ku gani. Ni tun yana jerawa na gani, tun kafin a taɓa hula."

Aka ɗaga na uku, aka gani. Nazif ya tsuguna yana juya naman, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

"Tun yaushe ka ce ka gani?" in ji Abba Bulgu.

"Tun yana jerawa."

"Kunnena dai bai mutu ba. Na ji ya kira ka."

Abba Garo ya ajiye ƙashin da ke hannunsa.

"Da ka bar ni na tafi, ɗan nan," in ji Hada Sharaf a hankali. "Romo zan yi, yaran ba za su sani ba. Yanzu gari duka ya san abin da ke tukunyata."

Nazif ne ya ce a mayar da komai a sake. Ya ware tozo wuri ɗaya, hanta wuri ɗaya, ƙashi wuri ɗaya, ya yanka kowanne gida goma sha huɗu, sannan ya auna. Sau biyu ya ɗago kai kamar zai tambayi yayansa, sau biyu ya juya ya tambayi wani. Rana ta take kafin a gama, ga azumi a bakin kowa. Da aka sake jefa ƙuri'a, Abba Bulgu ya sa hularsa ya ce baɗi Nazif ne zai raba, tunda ya koya a gaban kowa. Ba wanda ya musa.

Abba Garo ya bi ta cikin gonakin gahawa da kwanonsa a kai. A hanya ya yi ta auna maganar. Da ya yi shiru har ƙarshe, da tsohuwar ta tafi da ƙashi, shi kuma mutuncinsa na nan. Da ya yi magana ta sami nama, amma ya san ba don ita ya yi ba. Ya rasa wanne ne laifin da aka hukunta shi a kai.

Matarsa ta karɓi kwanon a bakin madafa, ta ɗaga ganyen, ta tona da yatsa.

"Kai, bana rabon ya yi kyau. Har da tozo. Hannun Nazif ne?"

"Nasa ne," ya ce, ya wuce ciki.