Bidon Biyu na Baƙin Mai

Sau uku ɗiyata Rahinatu ta kwanta masassara a daminar bara. A na ukun har suma ta yi, na ɗauke ta a kafaɗa zuwa likita ina gudu ba takalmi. Shekararta tara. Ranar na ji tsoron da ban taɓa ji ba, kuma da tsoron ya lafa sai ya koma fushi, na shiga neman wanda zan ɗora wa laifi.

Ban sha wuyar nema ba. Bayan unguwarmu, a gefen Gaya, akwai dajin da gwamnati ta killace: ba a sara, ba a farauta, ba a kiwo. A tsakiyarsa akwai tafki, tsuntsaye na shawagi, kada biyu na shan hantsi kamar su suka gaji wurin. Na ce to, ga gidan sauron nan.

Ni Sumana makanike ne, shekara ashirin ina kwance ƙarƙashin manyan motocin da ke zuwa Kwatano. Ilimina a kan sauro ɗaya ne, wanda duk mai garaji ya sani: in ruwa ya kwanta, ka zuba masa baƙin man da aka juye daga inji, komai na ciki ya mutu. Da wannan ilimin na kafa kwamitin yaƙi da sauro na unguwa, na zaɓi kaina shugaba, ba wanda ya yi takara da ni. Na yi jawabi a ƙofar masallaci cewa gwamnati ta fi son kada da 'ya'yanmu. An tafa mini, kaina ya ƙara girma.

Ranar Asabar da hantsi na ɗaura bidon biyu, wato jarka biyu, na baƙin mai a bayan moto, babur ɗina, mutum bakwai na kwamiti suna biye da ni a ƙafa. Muna isa bakin tafkin muka tarar da Madam Bibata, ma'aikaciyar gandun daji mai kula da wurin, ta naɗe ƙafar wando tana riƙe da farin ludayi mai dogon hannu.

"Malam Sumana, mi ke cikin bidon ga?" in ji ta.

"Maganin sauronku, Madam."

Na ɗauka za ta yi faɗa, har na shirya amsa. Sai ta tambaye ni jikin yarinyar. Wannan ya ɗan kashe mini jiki. Sannan ta ce in man nan ya shiga ruwa, kifi zai mutu, tsuntsaye su bi, kuma kifin ne ke cinye tsutsar sauro. Ta nuna mini 'yan hanyoyin ruwa da suka haƙa don kifi ya riƙa shiga ƙananan kududdufai. Inda kifi ba ya kaiwa, suna barbaɗa wani gari da ke kashe tsutsar kaɗai.

"Zancen takarda ne," na ce, don kwamiti na kallona.

Ta miƙo mini ludayin. "To ɗiba da hannunka. In ka samu da yawa, ni da kaina zan rubuta wa manyanmu."

Na ɗiba sau goma, gabas da yamma, na jiƙe har gwiwa. Tsutsa biyu na samu, da wani ɗan kifi da ya kalle ni ya tsallake.

"Sauron da ke kawo masassara ya fi son ƙaramin ruwa mai shan rana, kusa da mutane," in ji ta. "Mu je mu duba unguwarku."

Ni na shiga gaba ina tura moton, ina nuna mata kwatar wane da randar wane, ina jin daɗin tona asirin maƙwabta. Ba a samu abin kirki ba. Muna zuwa bayan gidana ta tsaya. Akwai rami a nan, ni na haƙa shi da rani na buga tubali, don na yi wa Rahinatu alkawarin ɗakinta ita kaɗai. Tubalin na jere gefe a rufe da leda, ramin kuma ya cika da ruwan sama, taku goma daga tagar da take kwana.

Ludayin kawai ta sake miƙo mini. Ɗiba ɗaya na yi. Farin ludayin ya yi baƙi da tsutsotsi, suna ta mutsu-mutsu. Isma'il, mataimakina a kwamiti, ya leƙa ya ce, "Shugaba, ashe kiwo kake yi." Ba wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi.

Na juya zan kwance bidon in zuba man a ramin, sai matata Indo ta leƙo ta katanga ta ce, "Malam, rijiyarmu na nan kusa, kada ka soma." Madam Bibata ta barbaɗa garinta, ta ce zai yi aiki na 'yan kwanaki ne, maganin gaskiya a cike ramin. Na duba ko'ina ban ga ƙasar cikewa ba. Ƙasar ramin ai ita ce tubalin nan.

Kwana uku ina ɗauka ina jefawa. A rana ta ƙarshe Rahinatu ta fito, ta rame, ta zauna a inuwa tana kallona.

"Baba, ɗakina ne kake zubawa cikin ruwa?"

"Shi ne, ɗiyata."

"Ka fasa yi mini?"

Na so in ce mata laifin gwamnati ne, bakina ya saba. Sai na ce, "Ni na sa miki ciwon nan, ban sani ba."

Ta dubi ramin. Can ta tashi ta ɗauki rabin tubali da hannu biyu, ta kawo mini bakin ramin.