Bakin Igiyar Auta

…dubu huɗu da ɗari biyu da — da nawa? Lissafin ya sake kuɓuce mini. Ba komai. Tun shekaranjiya ma ƙirgen ƙarya nake yi, Inna, ke kaɗai zan gaya wa. Na ɓatar da hanya, kuma ban faɗa wa kowa ba.

Ai kin san aikina. Ina gaba, ƙyalle a ido, igiya a ƙugu, mutum biyar ɗaure a bayana. Wannan yashin yana nuna wa mai ido ruwa, tafki guda har da inuwa, wanda ya bi kuwa ba ya dawowa. Ido kaɗai yake yaudara, shi ya sa ake ɗaure na jagora. Rana biyu ke sama, da zafinsu nake gane hanya: farar rana a kuncin dama, jar rana a ƙeya, sai ƙirga taku. Ba a kwance ƙyallen sai ƙafa ta taka dutsen rijiya. To ga ranakun biyu sun haɗu a tsakar kaina sun ƙi gusawa… ina dama? Ina ƙeya?

Randarki. Tana bayan ƙofa a kan duwatsu uku, gindinta ya yi gansakuka, moɗar nan mai tsaga tana kife a bisa murfin. Kina ɗaure mini ƙyallen da hannunki, kina cewa in dawo miki da Auta ko da a wuya zan saɓo shi. Ƙato da gemu, matarsa da tsohon ciki, amma har yau Auta. Na yi dariya a lokacin — yanzu leɓena ya tsage, ba ya dariya.

Maƙerin da ke cikin ayarin ne ya fara. Ina jin sa yana ɗibar yashi yana kurɓa, yana gode wa Allah, wai sanyinsa har haƙori. Ya yanke igiyarsa. Sai tsohuwa mai magani, ta ce za ta yi wanki kafin 'yan mata su dagula gaɓar. Mai gishiri da ɗan'uwansa suka yi faɗa a kan wanda zai fara shiga kwalekwale. Kwalekwale, Inna, a nan. Ban juya ba. Ba a juyawa. Duk wanda ya tafi sai na baya ya matso ya ƙulla, igiya ta rage nauyi, ni kuwa in ji — Allah ya yafe mini — in ji sauƙi a ƙuguna.

Har ya rage saura Auta. Ja uku yake yi, wato ina nan. In mayar masa da uku.

Ƙwaƙwalwata tana tafasa, ina jin ƙararta kamar tukunya. Wa yake tafiya a gefena? Takunsa irin na Baba ne, yana jan ƙafar hagu. Baba ya rasu shekara goma sha ɗaya. Sannu da rana, Baba. Kar ka tambaye ni hanya.

Ɗazu… ɗazu ne ko jiya? Auta ya turje. Muryarsa ta dushe, amma na ji sarai.

“Yaya, tsaya. Wannan na gaske ne. Wallahi ƙafata tana ciki.”

Haka maƙerin ya ce. Haka tsohuwar ta ce. Dukansu da rantsuwa suka tafi. Na zage shi, na ce mahaukacin banza, ni zai mayar yaro? Na damƙe igiyar na ja shi kamar akuyar da ta ƙi kasuwa. Yana kuka yana roƙona in ɗaga ƙyallen sau ɗaya, sau ɗaya tak. Ban ɗaga ba. Shekara ashirin ban taɓa ɗagawa ba, da wannan ake yabona, mutumin da ko uwarsa ta kira shi ba zai leƙa ba. Na ji daɗin kaina, Inna. Na ce na cece shi.

Tun yaushe bai ja ba?

Uku. Shiru. Uku kuma… igiyar tana biyo ni ba nauyi. Ina naɗo ta, kamu ɗaya, biyu, ga ƙullin maƙeri, ga na tsohuwa, ga — ƙarshe. Ba yanka ba ne. Kwancewa ya yi a hankali, yadda yake kwance wa ɗan maraƙi, don kar in ji. Mahaukaci ba ya kwance ƙulli haka.

Kuma bakin igiyar da sanyi.

Na sa a baki. Ina tsotsa. Laka-laka, da ɗanɗanon gindin randarki. Yashi ba ya yaudarar harshe, kowa ya sani. Amma maƙerin ma da harshe ya sha nasa…

Yana can baya, ko a bakin ruwa yana jirana, ko kwance da yashi cike da baki. Taku nawa? Ta wane gefe? Idan na kwance ƙyallen zan ga ruwa gabas da yamma, ko'ina, da Auta tsaye a bakin kowanne yana ɗaga mini hannu.

Yatsuna suna kan ƙullin da kika yi. Kin ɗaure shi tam, Inna. Na gaji.