Kwana Tara a Tungar Bado

Wata bakwai ke nan Malama Dije ba ta rabu da wayarta ba. Ko alwala za ta yi, sai ta ɗora ta a kan bulo inda idonta zai riƙa kai wa. A firamaren da take koyarwa cikin garin Anka, alli na hannun dama, waya na hagu, har yara suka saba da yadda take yanke magana a tsakiya in ta ji motsi a tafinta.

Mijinta Bala direba ne, yana jigilar fasinja tsakanin Anka da Gummi. Kwana huɗu bayan ƙaramar salla ya fita da safe. Da la'asar aka tsinci motarsa a gefen hanya kafin mararrabar Bukkuyum, ƙofofi a wangale, babu kowa ciki. Mutanen daji sun kwashe su. Cikin mako biyu aka kira iyalan fasinjojin ɗaya bayan ɗaya. Dije ce kaɗai ba a kira ba.

Tun daga nan ta koma zama cikin waya. Babu zauren Wasaf na labarin tsaro da ba ta shiga ba. Ta sa hotonsa a Fesbuk da lambarta a ƙasa. Duk hoton da aka turo, na waɗanda aka sako ko na gawawwakin da aka jera a kan tabarma, sai ta buɗe shi da yatsu biyu, ta bi fuska fuska tana neman wushiryarsa. Wata rana aka turo bidiyon mutane zaune ƙarƙashin itace, an ɗaure su biyu biyu. Can baya akwai wani mai ƙeya irin ta Bala. Kwana uku tana maimaita daƙiƙa takwas ɗin nan. A rana ta uku 'yarta Zainab, mai shekara goma sha biyu, ta sauke tukunyar miya ita kaɗai, ta kife mata a hannu. Taku uku ne tsakaninsu, amma Dije ba ta ji ihun ba sai da maƙwabciya ta shigo da gudu.

Washegari yayanta Hayatu, mai shagon maganin dabbobi a Gummi, ya iso da sassafe. Ya dubi hannun yarinyar, ya dubi ƙanwarsa da ta rame har ƙashin wuya ya fito.

"Tashi ki haɗa kayanki," ya ce. "Inna na nemanki. Zainab ta zauna wurina, in sa ta makaranta can."

"Yaya, in ya kira fa?"

"Ba ga waya nan hannunki ba? Duk inda kike ta iske ki."

Ta yarda. Ba ta san ya riga ya yi wa shugaban makarantarsu magana ba, kuma ta manta yadda garin uwarta yake, don rabonta da shi tun kafin ta mallaki waya.

Tungar Bado na bakin wani tafki ne, tafiyar awa guda a babur daga Gummi, ta cikin gonakin dawa da fadamu. Kaka ce, ruwa ya cika ya tumbatsa, bado ya rufe gefensa da fararen furanni, giginyu sun jeru a ɗaya gaɓar. Hayatu ya tsayar da babur ya ce ta dubi ikon Allah. Ita kuwa kan wayar take kallo. Tun daga wata tsamiya a hanya sandunan sabis suka fara zubewa, yanzu ko ɗaya babu.

"Yaya, ba sabis."

"Na sani."

Ta ɗago ta dube shi. "Ka sani?"

"Dije, wagga waya na kashe ki. Mako biyu kawai. Ki ci abinci, ki yi barci."

Ta riƙe masa riga da hannu biyu, a gaban mutane, tana cewa ya mayar da ita ko ta tafi da ƙafa. Inna ce ta fito daga zaure, tsohuwa ƙarama mai warin hayaƙin banda, ta ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta ja ta ciki. Dije na jin ƙarar babur har ta ɓace.

Kwanakin farko ta zama abin kallo a tungar. Ta hau juji da waya a sama. Ta hau rumbun Inna. Ta bi gaɓar tafki har inda shanun Fulani ke shan ruwa, wata Bafulatana ta tambaye ta ko ɗanta ne ya ɓace. Babu wutar lantarki a garin, don haka ta koma kashe wayar, tana kunnawa sau uku a yini, ta ga babu komai, ta kashe. Kukan tsuntsu ma ƙarar waya yake zame mata. Tana cikin salla sai ta ji kamar waya na rawa a cinyarta.

Inna ba ta yi mata wa'azi ba. Wuƙa ta miƙa mata da kwandon kifi.

"Gyara min wanga. Masu saye na zuwa ran Juma'a."

Ta gyara. Tarwaɗa da karfasa, ta tsaga, ta wanke, ta jera a kan ragar banda. A rana ta biyar, bayan azahar, ta jingina da bangon ɗaki barci ya sace ta, ba ta farka ba sai da inuwa ta juya. A ta shida matan tunga suka ja ta wanki bakin ruwa. Wata ta zame ta faɗa cikin taɓo da ƙwarya a ka, Dije ta ji dariya ta kuɓuce mata. Dariyar ba ta gama fita ba ta toshe bakinta. Ita tana nan tana dariya, shi kuwa watakila a daidai lokacin an ba shi waya, ya danna lambarta, an ce masa a kashe take. Ta bar wankin a nan ta koma gida, ranar ko ruwa ba ta sha ba.

A rana ta takwas ta ji abin da ake ɓoye mata. Kawu Tsoho, ƙanen Inna, masunci ne, yana ɗinkin taru a gindin kanya yana faɗa da wani saurayi da ya ɗaukar masa jirgi ba izini.

"Kullum kuna bisa dutsen tsakiya kuna latse-latse! Jirgina na kamun kihi ne, ba na neman sabis ba!"

Dije ta saki tsintsiyar hannunta. Ta fito ta durƙusa gabansa.

"Kawu, wane dutse?"

Tsohon ya dubi tarunsa. "Hayatu ya ce kar a hwaɗa miki."

"Kawu, don Allah. Don darajar iyayenka. Minti biyar kawai."

"Ɗiyata, amana aka ba ni."

Ta shiga ɗaki ta ɗauko wayar, ta ƙulle ta a gefen mayafi, ta nufi bakin ruwa. Dutsen ana hango shi, baƙi, kamar bayan saniya a tsakiyar tafki. Ta kwance jirgin farko da ta tarar, ta tura, ta faɗa ciki. Ba ta taɓa riƙe filafilin tuƙin jirgi ba. Ta tuƙa ta dama jirgin ya juya hagu, ta tuƙa ta hagu ya dawo, yana ta zagaye wuri ɗaya har ya kutsa cikin bado ya maƙale. Ta sa hannu tana yage ganyen tana kuka, ruwa na shiga ta gefe. Mata suka taru a gaɓa suna salati.

Kawu Tsoho ya shigo ruwan har ƙirji, ya kama bakin jirgin. Ya daɗe yana dubanta. Sannan ya hau, ya karɓi filafilin.

"Zauna tsakiya. Kar ki motsa."

Dutsen ya yi zafi, kashin tsuntsaye ya yi masa fari. Ta hau da rarrafe har ƙololuwa, ta kunna wayar. Caji saura kashi shida. Ta ɗaga ta sama. Shiru. Ta juya gabas, ta juya kudu. Sanda ɗaya ta fito.

Sai wayar ta kama rawa ba tsayawa. Saƙonnin kwana takwas suka yi ta kwararowa, ɗari biyu, ɗari huɗu, hotuna, muryoyi, gaisuwar Juma'a, tallan atamfa. Tana kallo caji ya koma biyar, ya koma huɗu, tana danne-danne tana roƙonsu su tsaya. Cikin tarin nan ta ga saƙon da kamfani ke turowa in an nemi mutum ba a samu ba. Wata baƙuwar lamba ta neme ta sau goma sha ɗaya, daga Talata zuwa jiya.

Ta danna lambar. Ta yi ƙara sau huɗu.

"Salamu alaikum." Muryar namiji ce, a dishe, ba ta Bala ba.

"Wa alaikumus salam. An neme ni da wagga lamba."

"Ke ce Dije, ta Bala direba?"

"Ni ce! Ni ce! Ina yake?"

"Sunana Zayyad, daga ƙasar Bukkuyum. Makon jiya Allah ya hisshe ni daga daji. Wuri guda muka zauna da shi. Ya ba ni saƙo in..."

Wayar ta yi baƙi.

Ta danna, ta girgiza, ta ciro batir ɗin ta goga a zane ta mayar. Ta yi wata ƙara da ta tashi tsuntsayen da ke gefen dutsen. Lambar na cikin wayar, ko lamba uku na farko ba ta riƙe ba. Ta ce wa Kawu ya kai ta gaɓa yanzu, Gummi za ta. Ya nuna mata rana da ta yi ƙasa. Babu mai babur da zai bi hanyar nan bayan la'asar, ko nawa ne ransa. Ta ce da ƙafa za ta tafi. Inna ce ta zauna a bakin ƙofa ta miƙe ƙafafu, ta ce sai dai ta tsallake ta.

Gari na wayewa ta hau bayan babur ɗin wani mai sayen kifi, tsakanin kwanduna biyu. Duk hanya kalma ɗaya take juyawa. Ya ce muka zauna. Bai ce muke zaune ba, amma ai shi ya fito, dole ya ce haka. Mai rai ma yana ba da saƙo. Mai rai ne ma ya fi ba da saƙo.

Hayatu na buɗe shago ya gan ta tsaye. Ya dubi fuskarta. Ya karɓi wayar ya jona a batir ɗin sola, suka tsaya su biyu suna kallon baƙin gilashi har ya kawo haske. Ta kira. Ta sa a sifika.

Zayyad ya yi magana a hankali, kamar wanda ya daɗe yana shirya ta. Ya ce wata huɗu suka yi a rumfa ɗaya. Da aka ce kowa ya kawo lambar gida, Bala ya ce shi ba ya da kowa. Aka buge shi, ya ce ba ya da kowa. Aka sake, bai canza ba. Da suka ga ya iya gyaran babur sai suka bar shi yana yi musu.

"Na ce mishi, don mi? Ya ce in sun samu lambarki, gidan da ɗiyarku ka kwana za ki saida, kuma ba lalle su sake shi ba. Ni kaɗai ya koya wa lambar. Kullum bayan asuba sai na karanta mishi, kamar yaro gaban malam. In na ɓata ya ce in sake."

"Yanzu yana ina?" in ji Dije.

Ta sunkuya kan wayar.

"Malam Zayyad, yana ina?"

"Zazzaɓi ya kama shi cikin marka. Kwana shida ya yi. Ran wata Litinin da hantsi Allah ya karɓi abinshi. Mu huɗu muka yi mishi salla, da hannuna na sa shi kabari. Ya cika da kalmar shahada, na ji da kunnena. Saƙon shi ne ki yahe mishi, kuma kar a cire Zainab daga makaranta."

Hayatu ya yi salati ya dafa kantar shagon. Dije ta zauna a kan buhun dusa. Cikin marka. Ta tuna bidiyon mai ƙeyar nan, wanda aka turo bayan an fara yankan gero. Kwana uku tana kallon wani mutum daban.

Ta yi wa Zayyad godiya, ta tambayi jikinsa da iyalinsa, ta yi masa barka da arziki, murya a daidai kamar ba ita ba. Sai da aka kashe kukan ya zo, ya naɗe ta gida biyu. Hayatu ya ja ƙofar shagon ya rufe, ya zauna ƙasa kusa da ita.

Da ta samu numfashi ya ce, "Da ban kai ki can ba, da tun Talata kin ji."

"Da na ji ni kaɗai cikin ɗaki, Yaya, da yarinya a gabana." Ta share fuska da mayafi. "Kar ka sa a waya. Kar kowa ya sa hotonshi. Tsohuwarshi na Anka, ba ni son wani yaro ya karanta mata. Ka tahi da ƙahwarka ka hwaɗa mata."

"In sha Allahu yau."

"Zainab kuma ni za ni hwaɗa mata. Ta taso daga makaranta?"

"Sai ƙarfe ɗaya."

Ta dubi agogon bangon shagon. Tara da kwata. Ta tashi ta nemi buta, ta wanke fuska da hannuwan da ke ƙarnin kifi, ta fita ta bi layin gidan yayanta a hankali, tana neman kalmar da za ta fara da ita.