Akwati a Ƙofar Gidan Malam Abbas

"Baba, rana ta yi zafi. A shiga da akwatin nan zaure mana, a ƙirga cikin inuwa."

Ɗanladi ne ke magana yana murmushi, hannu ɗaya cikin aljihu. Shi ke yi wa wani ɗan takara hidima a unguwarmu. A bayansa 'yan ƙauraye ne, samarin daba, zaune kan babura, idanu jajaye, ba wanda ya kashe injinsa.

Maƙwabcinmu Malam Abbas, tsohon mai sayar da hatsi a Babbar Kasuwa, yana zaune a bakin zaurensa, ya miƙe kumburarriyar ƙafarsa ta tare hanya. Tun kafin a haife ni rumfar zaɓen layinmu a ƙofar gidansa take, da sunansa ma ake kiranta. Teburinsa ake fitowa da shi, ruwan randarsa ake sha. Abu ɗaya ne bai taɓa yarda da shi ba, wato akwati ya ƙetare dokin ƙofarsa.

"Nan aka jefa, nan za a ƙirga," ya ce. "Zaurena duhu gare shi."

"Ai muna da fitila, Baba."

"Fitilar taka nike tsoro, ɗan nan."

Wata tsohuwa ta yi dariya, sai ta ga ita kaɗai ce, ta yi shiru.

Ni malamin makaranta ne. Kullum ina gaya wa ɗalibaina cewa mulki na jama'a ne, shugaba aro aka ba shi, kuma ƙuri'ar da aka ƙirga a ɓoye ta tashi daga ta mai ita. Ga shi yau iyayen ɗaliban nan suna sulalewa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tuna da wani uzuri.

"Jama'a, ina za ku?" na ɗaga murya. "Ƙuri'unku ne fa a ciki! Tun safe kuke tsaye cikin rana, yanzu kuma za ku bar tsoho shi kaɗai?"

Alhaji Sule mai shagon kusurwa ya ja hannun rigata. "Kai Rilwanu, rufa mana asiri da bokon nan naka. Wanda Allah ya ba shi zai hau. Mi naka ciki?"

Maganar nan ita ta fi komai ƙona mini rai. Da ita muke rufe kowace ɓarna, mu koma gida mu ci tuwo.

Ma'aikaciyar zaɓen, wata 'yar bautar ƙasa da ba ta jin Hausa sosai, ta rungume akwatin tana rarraba ido. Ɗanladi ya ɗaga haɓa kaɗan. Wani dogo cikin samarin ya sauko daga babur, ya fizge akwatin, ya nufi zaure. Malam Abbas ya miƙe da ƙyar, ya dafe gefen ƙofa biyu da hannayensa.

"Matsa, tsoho."

"Gidana ne."

Da kafaɗa dogon ya ture shi. Ƙeyarsa ta bugi gefen dakali, ƙarar ba ta da yawa, kamar an ajiye ƙwarya. Kafin in isa gare shi, matarsa Gwaggo Kubura ta fito ko mayafi babu. Ta dubi mijinta a ƙasa, ta dubi dogon, sai ta zauna daidai inda tsohon ya tashi. Matan da suka rage a layi suka taho suka zazzauna gefenta har ƙofar ta toshe.

Dogon ya waiwayi Ɗanladi, sannan ya dire akwatin a ƙasa. Baburan suka juya a hankali.

"Allah ya ba shi lafiya," in ji Ɗanladi. "Za mu dawo dubiya."

A fili aka ƙirga, ana ɗaga kowace takarda sama. Mu kuma muka kai Malam Abbas asibiti, ni da ɗansa Anas mai tuƙa keke napep. Sau ɗaya tsohon ya buɗe ido.

"An ƙirga?"

"An ƙirga, Baba. A waje."

Bai tambayi wanda ya ci ba. Washegari da hantsi ya cika.

Kafin azahar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Ina jin mutanen da abin ya faru gaban idonsu suna gyara labarin. Wani ya ce jiri ne ya ɗebe shi. Wani ya ce dama yana fama da hawan jini.

"Ture shi aka yi!" na ce. "Kowa nan ya gani!"

"Kwana ne ya ƙare, Rilwanu," Alhaji Sule ya ce, idonsa kan carbinsa. "Zauna."

Sai ga Ɗanladi da farar riga. Aka buɗa masa wuri. Ya durƙusa, ya yi gaisuwa doguwa, ya jawo addu'a, duk aka shafa. Sannan ya riƙe hannun Anas da hannu biyu, bai saki ba.

"Ya haƙuri? Baba namu ne duka. Rumfar nan kuma tana nan, ba mai ɗauke ta, sunan Baba ba zai ɓata ba. Yanzu kai ne mai gida. Ina ganinka kullum wajen tasha da kekenka, na san kai mai fahimta ne."

Na zuba wa Anas ido. Yana da ƙananan yara a cikin gidan nan. Ya sunkuyar da kai.

"Mun gode," ya ce.

Aka kira ni ciki in zuba wa liman ruwan wankan gawa. A bayan ɗaki, inda aka kare da tabarma, ina zubawa yana wanke hannayen da suka yi shekaru suna auna gero. Ya tsaya kan babban yatsa, inda tawadar zaɓe ta kama gindin farce. Ya cuɗa da sabulu, ya sa na ƙara ruwa, ya sake cuɗawa. Ba ta fita ba. Ya ɗan jima yana dubanta, sannan ya kwantar da hannun a gefe, ya jawo likkafani.