Takalman Ginshiƙi

"Wannan baƙin ramin na mene ne?" Edita ya tambaya, yana danna yatsa a kusurwar shafin.

"Kwalbati ce kawai," in ji Auta.

"Kwalbati ce kawai! Na san ku, ke da babanki. Nan da ɗan lokaci za ki zo ki ce min ta nan ya tsira. Toshe ta."

Auta ta tsoma alƙalami a tawada, ta cike kwalbatin da duwatsu. Edita ya ɗaga shafin, ya kai shi bakin taga, ya duba sama da ƙasa kamar mai neman ƙwaro a cikin shinkafa. Gada ta rufta, baraguzai sun yi tsibi, babu kogi a ƙasa, babu taga, babu ko tsagar da ɓera zai bi. Jarumai huɗu sun ba da baya suna kallon tsibin, kawunansu a sunkuye. A can kusurwa kuma ga takalman shugabansu a jere, inda ya tuɓe su kafin ya shiga ƙarƙashin gadar.

"Yawwa, yanzu ya mutu," in ji Edita cikin jin daɗi. "Yaran yanzu sun gaji da tsoho, sabon jini suke so. Ki gyara inuwar nan, ki turo min kafin a tashi daga aiki. Kuma don Allah, Auta, ban da dabara. In na ga dabara, shafin wasan ƙwallo zan sa a gurbinku."

Rundunar Saman Bene, jaruman wannan labarin zane, ta girmi Auta. Babanta ne ya ƙirƙiro ta, lokacin yana mai rubuta allunan talla, yana zana ta a bayan kwalaye don yaransa su bar shi ya huta. Wani mai mujallar yara ya gani, ya ba shi shafi huɗu a kowace fitowa, shi ke nan jarumai biyar suka tare a saman wani dogon bene suna gadin gari. Abokin gabarsu shi ne Gara, mugun da ke cinye gine-gine ta ƙasa.

Baba bai wahalar da kansa wajen neman jarumai ba, a cikin gida ya tsince su. Akwai Harara, wadda kallo ɗaya take yi wa babbar mota ta ci burki. Umma ce, har da ɗaurin kallabinta. Akwai Kunne, mai jin raɗa daga ƙarshen gari; Gwaggo ce, ƙanwar Baba. Akwai Tumbi, mai haɗiye bam da ambaliya ya nemi ƙari; Kawu ne, wan Umma. Akwai Sulale, mai bi ta ramin makulli ya ɓace. Wannan Yaya ne, babban ɗan gidan, wanda ba a taɓa ganinsa ba ranar wankin tagogi. Kowa ya gane kansa, kowa ya musanta. Shi kuwa Baba ya ba kansa Ginshiƙi, mai tallafe duk abin da zai faɗi, ya kuma ƙara masa faɗin kafaɗar da shi bai taɓa samu ba. Ginshiƙi ba ya ɗaukar kaya sai ya tuɓe takalmi ya jera su gefe, domin haka Baba ke yi kafin ya hau tsani.

Da hannun Baba ya fara rawa, Auta ta karɓi alƙalamin. Ya bar mata komai, sai doka guda: jarumi na iya mutuwa, amma dole a bar masa ƙofar baya. Wani ɗan abu a zanen ƙarshe, wanda mai gaggawa ba zai lura da shi ba, amma ranar da za a dawo da jarumin sai a nuna a ce, ai ga shi nan tun farko.

A cikin bas Auta ta rungume jakar zanen a ƙirji. Yau za a yi wa Baba aikin zuciya, kuma yau ɗin ce Edita ya ga dama ya kashe Ginshiƙi. Ta san haɗuwar ranar ce kawai, ta faɗa wa kanta haka tun daga tashar farko har ta ƙarshe, amma tsoro bai sake ta ba. Ta yanke shawara ba za ta buɗe jakar a asibiti ba, ba kuma za ta ce komai ba.

Ta manta da Kunne.

"Ga mai kisan kai nan ta iso," in ji Gwaggo, tun Auta ba ta gama sallama ba.

"Gwaggo! Wa ya faɗa miki?"

"Matar mai buga muku mujalla, wurin tela ɗaya muke kai ɗinki. Ni dai ban ce komai ba."

"Ba ta ce komai ba," in ji Baba daga kan gado. "Tun safe take ba ta ce komai ba."

An sa masa shuɗiyar rigar asibiti mai igiya a baya, ta yi masa yawa. Umma na zaune a gefensa riƙe da tabaransa. Kawu yana bakin taga yana cin ayabar da aka kawo wa mara lafiya, tunda likita ya hana mara lafiyar cin komai, kuma a cewarsa ɓarna ba ta da kyau. Yaya ya bugo waya ya ce yana hanya.

"Kawo in gani," in ji Baba, ya miƙa hannu.

"Baba, ba yau ba."

"In ba yau ba sai yaushe? Ke, ba ni idona."

Umma ta miƙa masa tabaran ba tare da ta dube shi ba. Auta ta zaro shafin a hankali. Baba ya ɗora shi a gwiwa, ya bi shi akwati-akwati da ɗan yatsansa mai rawa: Gara yana cin ƙafar gada, motar 'yan makaranta a tsakiya, Ginshiƙi yana tuɓe takalmi, ya sa kafaɗa, mota ta haye, gada ta sauko.

"Gada kawai?" ya ce. "Mutumin da ya riƙe filin jirgi a kafaɗa ɗaya yana sosa ƙeya da ɗaya hannun? Wannan ai raini ne."

"Ya tsufa, Baba. Haka Edita ya ce."

"Editanki da aka haifa shekarar da Tumbi ya shanye teku."

"Kada ka tuna min," in ji Kawu, bakinsa cike. "Ka fasa min ciki a gaban yaran gari duka. Har a wurin aiki ana yi min gaisuwar rashin kaina."

"Wai ba ka ce ba kai ba ne?" in ji Baba.

"Ba ni ba ne. Amma abin da ciwo."

"Ya daina zuwa gidanmu," Baba ya ce da Auta, kamar ba ta sha jin labarin ba. "Abincinmu ya riƙa kwana. Da na ga uwarki ta fara damuwa, sai na nuna musu ɗan jirgin ruwan da na ɓoye a bayan igiyar ruwa. Ranar da Tumbi ya dawo, kawunki ya zo da yunwar wata da watanni."

"Ni sau biyu ka kashe ni," in ji Gwaggo. "Na farko ka jefa ni rijiya."

"Kika jiyo ana gulmarki a sama, kika fito."

Har mutumin gadon kusa ya yi dariya, ya dafe ɗinkinsa. Auta ta ce, "Harara ce kaɗai ba ta taɓa mutuwa ba."

"Ina so in kwana a gida," in ji Baba.

Umma ta ɗago ta dube shi. Ya gyara zama, ya mai da ido kan shafin.

Ya daɗe a kan akwatin ƙarshe. Auta ta ga idonsa yana zagaya gefe-gefe, ƙarƙashin baraguzai, bayan jaruman, inda kwalbatin take ɗazu. Ta san abin da yake nema. Ya kai shafin kusa da hanci, ya nisanta shi.

"Kin iya ɓoyo fiye da ni," ya ce. "Ina ƙofar?"

"Babu, Baba. Ya sa na toshe."

Ta shirya wa faɗa. Ta zaci zai ce a kira masa Editan a waya, ya karanta masa tarihin rundunar tun daga bayan kwali. Sai kawai ya cire tabaran, ya naɗe, ya miƙa wa Umma.

"To, ba laifi," ya ce a hankali. "Zanen ya yi kyau. Yaran sun haye, ai shi ne aikin. Mutum ba zai yi ta riƙe gada har abada ba, kafaɗa tana gajiya."

Kawu ya ajiye ayabar hannunsa. Gwaggo, wadda ba a taɓa rasa magana a bakinta ba, ta shiga gyaran bakin zanin gado. Auta ta mai da shafin cikin jaka. Da Baba ya yi mata faɗa da ta fi jin daɗi sau dubu.

Ma'aikatan jinya biyu suka shigo da gado mai taya. Baba ya sauko da ƙafafunsa, ya zare silifas ɗinsa, ya sunkuya da ƙyar ya jera su a gindin gado, baki ɗaya, kamar yadda ya saba. Sannan ya hau.

"Ku gaida min Sulale in ya iso," ya ce ana tura shi. "Ku ce masa ya yi daidai da zanensa."

Suka bi shi har ƙofar ɗakin tiyata, aka rufe. Gwaggo ta tafi neman wanda zai gaya mata wane likita ne a ciki da kuma 'yar wa yake aure. Kawu ya ce zai sha iska. Auta ta zauna a kan dogon benci da jaka a cinya. Wayarta ta yi ƙara: Edita ne, yana tambaya ko an gama inuwar.

Can sai ga Umma ta dawo daga ɗakin marasa lafiya riƙe da silifas ɗin Baba. Ta wuce benci, ta je daidai ƙofar tiyatar, ta ajiye su a gefe, ta juya bakinsu suna kallon waje.

"Mama, ba a ajiye kaya a nan," in ji wata ma'aikaciyar jinya da ke wucewa. "Kuma ai a kan gado za a fito da shi, ba zai..."

Umma ta dube ta. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ma buɗe baki ba. Ma'aikaciyar ta tsaya cak, ta dubi silifas ɗin, ta ɗan matsar da su da ƙafa don kada taya ta taka, ta yi gaba.

Umma ta zo ta zauna kusa da 'yarta.

"Shekara nawa ina ɗauke masa takalmi daga gindin tsani," in ji Umma, idonta a kan ƙofar. "Bai taɓa hawa ya ƙi saukowa ba. Yau ma ban ba shi izini ba."

Auta ta buɗe jaka. Ta ɗora shafin a kan gwiwa, ta gyara inuwar da Edita ya ce, tsaf, yadda ba zai sami abin cewa ba. Sannan ta fito da 'yar kwalbar farin fenti da siririn buroshi. A akwati na uku ta bar takalman Ginshiƙi inda ya jera su. A akwatin ƙarshe, can kusurwa, bayan jaruman da suka ba da baya, ta shafe su. Ta hura har ya bushe, ta ɗiga 'yan tsakuwoyi a wurin, ƙasa ta koma kamar ba a taɓa ajiye komai ba. Edita ramuka yake nema, ba zai ƙirga takalmi ba. In kuma ya ƙirga, to, ya sa ƙwallonsa.

Ta ɗauki hoton shafin da waya, ta tura.

Umma, wadda ta sha rantsuwa ba ta taɓa karanta wannan shirmen ba, ta leƙo. Ta dubi akwati na uku, ta dubi na ƙarshe.

"Ina takalman?" ta tambaya.

"Mai su ya ɗauka," in ji Auta.

Umma ta gyaɗa kai, ta gyara ɗaurin kallabinta. Suka ci gaba da kallon ƙofar.