Tsinin Allura Da Kwana Casa'in Da Tara

A ɗakin ɗinkin kayan jarirai akwai dokar da ba a wasa da ita: in allura ta karye, sai an tattaro gutsattsarinta kaf an manna a takarda kafin a ba da sabuwa. Ko ɗan tsini ne ya ɓata, duk rigar da ta bi ta keken nan ba za ta fita ba, don kada ya soki ɗan wani.

A bakin ƙofa kuma akwai allon da ake rubuta kwanakin da aka yi ba wanda ya ji rauni. Ranar nan casa'in da tara aka rubuta. An yi musu alkawarin hutun yini guda in sun cika ɗari, kuma matan layin su ashirin kowa ta gama rabon hutunta tun bai zo ba: mai wanki, mai ziyara, mai barci har rana ta take.

Sai allurar Gaggawa ta karye.

Ba a banza ake ce mata Gaggawa ba, kafin wata ta haɗa hannun riga ita ta gama uku. Ta ji zafi ya ratsa manuniyarta, ta dubi allon, ta yi wuf ta naɗe yatsan da hankici ta cusa a aljihu. Wa zai so a ce shi ya cinye wa mutane hutu saura kwana ɗaya?

Gutsure biyu aka samu, tsinin ya ce ku nemo ni. Mai duba aiki ya sa aka kashe kekuna, aka baje riguna ɗari uku, mata suka duƙufa da maganaɗisu suna laluben ƙasa. Gaggawa na durƙushe tare da su, kunya kamar ta kashe ta.

Uwar Layi, wadda ta fi kowa daɗewa a wurin, ta ɗaga wata 'yar riga mai ruwan ƙwai ta ce, "Ni tsorona kada yana cikin wuyan irin wannan."

Nan Gaggawa ta tuna da 'yarta mai wata bakwai. Ta miƙe ta zaro hannun.

"Inna, ina jin yana nan."

Mai duba aiki ya kawo na'urar gano ƙarfe kusa da yatsan, ta ɗau ƙara. Gaggawa ta sunkuyar da kai tana jiran a yi mata ca.

Sai Uwar Layi ta tuntsire da dariya. "Ja'ira! Kin bar mu muna rarrafe da tsufanmu, ashe kaya na aljihunki!" Ta janye hannun rigarta, ga ƙunar dutsen guga ta kwana huɗu. Ta kusa da ita ta nuna inda almakashi ya yanke ta. Kafin ka ce me, mata shida sun kwance tsummokara suna nuna wa juna, suna dariya har da hawaye. Ashe rabin casa'in da taran nan a cikin hankici yake kwance.

Nas ɗin masana'anta ta zare tsinin da matsefata, aka manna shi a takarda, aka yi ta tafi. Nas ɗin ta leƙa waje ta ga matan nan sun yi layi suna jiran magani, ta ce, "Yau kuma daga ina?"

Mai duba aiki ya yi ta sosa ƙeya, ya ce gobe za a ɗaura wa kowane keke kariyar yatsa. Ya miƙa wa Gaggawa tsumman goge allo.

Ta karɓi tsumman ta dubi Uwar Layi. "Inna, na cinye muku hutu."

"Goge, 'yar nan," in ji Uwar Layi. "Kwana huɗu ina son in ce wayyo, allon nan ya hana ni."

Gaggawa ta goge, ta zana ƙaton sifili. A bayanta Uwar Layi ta buɗe murya iya ƙarfinta ta ce, "Wayyo hannuna!" Duk layin ya amsa mata.